Mahdiyya: Yadda Za Ka Ziyarci Garin Masunta da Masaƙa a Bakin Bahar Rum

Mahdiyya ƙaramin gari ne a gabashin Tunisiya, kimanin kilomita 200 kudu da birnin Tunis. Tsohon garin yana zaune a kan wani siririn zirin dutse da ya kutsa kai cikin teku, tsawonsa bai wuce kilomita ɗaya da rabi ba, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. Yawancin baƙin da ke zuwa, daga filin jirgi ake kwasarsu sai manyan otal-otal da ke jere a arewa da gari, su yi mako guda suna ci suna kwanciya a rairayi, su koma gida ƙafarsu ba ta taka cikin gari ba. Wannan asara ce babba. Mahdiyya ta ainihi tana kan wancan zirin dutsen, kuma da ƙafa ake ganinta, a hankali. Ga yadda za ka tsara tafiyar tun daga gida.

Fara da takardu

Mai fasfon Najeriya sai da biza, ana nemanta a ofishin jakadancin Tunisiya da ke Abuja. Masu fasfon Nijar kuwa sun daɗe a cikin jerin waɗanda ke shiga ba biza har kwana 90. Ko wanne ne kai, ka tabbatar da ƙa'idar da ake kai kafin ka yanki tikiti, domin irin waɗannan dokoki kan sauya. Kada ka wuce wa'adin da aka ba ka, akwai tarar da ake lissafawa mako-mako, kuma sai ka biya kafin a bar ka ka fita.

Akwai maganar da dole in faɗa maka tun yanzu. Tun watan Fabrairun 2023, lokacin da Shugaba Kais Saied ya yi jawabi mai zafi a kan baƙin haure daga ƙasashen kudu da Sahara, zaman baƙar fata a Tunisiya ya ƙara nauyi. An kori mutane daga gidajen haya, an kai wa wasu hari, musamman a birnin Safakis da ƙauyukan da ke tsakaninta da Mahdiyya, inda masu neman tsallakawa tsibirin Lamfedusa na Italiya ke taruwa. Ƙasar tana da dokar hana wariyar launin fata tun 2018, kuma za ka haɗu da mutanen kirki masu yawa, amma ɗan sanda a shingen hanya ba zai gane ɗan yawon buɗe ido a fuska ba. Saboda haka fasfonka ya kasance a jikinka duk inda za ka, tare da takardar masauki da tikitin komawa, a buge a takarda, ba a waya kaɗai ba. Idan da iyali za ka, ka riƙe takardar aure, wasu masaukai kan nema. Kada ka ɗauki hoton jami'an tsaro ko gine-ginensu, kuma kada ka zo da jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto, za a karɓe shi tun a filin jirgi.

Zaɓi lokaci

Yuni ko Satumba su ne zaɓina. A watannin biyu ruwan teku yana da ɗumi, ga sarari a bakin ruwa. Yuli da Agusta garin kan cika maƙil da 'yan ƙasa, da maƙwabtansu na Aljeriya da Libiya, da 'yan Tunisiya mazauna Turai da suka dawo hutu. Kuɗin ɗaki ya hau, ofisoshi kuma aikin safe kawai suke yi. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi da iska da ruwan sama, ba a shiga teku, amma mai son tarihi zai samu garin shi kaɗai.

Ka shirya isowarka ta faɗo ranar Alhamis, domin Juma'a ce ranar kasuwar garin. Agogonsu ɗaya da na Najeriya da Nijar, sai dai ranar bazara doguwa ce: a watan Yuni asuba kan shiga tun wajen ƙarfe 3 da 'yan mintuna, magariba kuwa sai bayan 7 da rabi.

Hanya da kuɗi

Daga Najeriya akan bi ta Alƙahira ko Istanbul ko Kasabulanka a sauka Tunis. Daga nan hanya biyu ce. Ta farko ita ce luwaj, farar ƙaramar bas mai jan layi a jiki, mai ɗaukar mutum takwas. Kamar dai motar tasha a gida, sai ta cika take tashi, sai dai a taga ake sayen tikiti kuma kuɗin ƙayyadadde ne. Tashar masu zuwa kudu ita ce Moncef Bey, tafiyar kuma wajen awa uku. Ta biyu, ka hau jirgin ƙasa zuwa Susa, sannan ka canza zuwa ƙaramin jirgin lantarki da ake kira Métro du Sahel, wanda ke tashi daga tashar Bab Jadid da ke Susa ya ratsa Munastir ya ƙare a Mahdiyya. Ya fi jinkiri, amma yana bi ta gonakin zaitun da filayen gishiri da ƙananan garuruwa, kuma tasharsa ta ƙarshe tana dab da tashar masunta, 'yar tafiya kaɗan zuwa ƙofar tsohon gari. Da ni ne, shi zan hau.

Ba a canjin naira a can, ka zo da yuro ko dala. Dinarin Tunisiya ba a fita da shi daga ƙasar, don haka ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan, ka adana kowace rasit. Dinari ɗaya milim 1,000 ne, kuma a kasuwa da milim ake magana. In mai shayi ya ce maka "alfain", dinari biyu yake nufi, kada gabanka ya faɗi. Layin waya kuwa, Ooredoo da Orange da Tunisie Telecom duk suna da teburi a filin jirgi, fasfo kawai za ka nuna. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, mutumin Najeriya sai ya zo da adafta.

Masauki, ka nemi ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen da aka mayar masaukin baƙi a cikin tsohon gari, ko ƙaramin otal a bakin titin da ke bin gaɓar arewa. Daga nan masallaci da kasuwa da ruwa duk tafiyar ƙafa ne.

Shiga ta Skifa Kahla

A da tsohon garin ƙofa ɗaya yake da ita ta tudu, ita ce Skifa Kahla, wani dogon soro mai duhu da sanyi wanda tsawonsa ya haura mita 30. Kafin ka shiga, ka ɗan san abin da ya sa aka gina shi haka. Abdullahi al-Mahdi, halifan Fatimiyawa na farko, shi ya fara gina garin a shekarar 916, ya tare a 921, ya sa masa sunansa. Shi ɗan Shi'a Isma'iliyya ne da ke mulkin jama'a 'yan Sunna Malikawa, bai amince da zaman kusa da Ƙairawan, cibiyar malamansu, ba. Sai ya nemi wurin da katanga ɗaya za ta tsare shi daga tudu, jiragensa kuma su tsare shi ta ruwa. Dabarar ta yi aiki. A 944 zuwa 945 ɗan tawaye Abu Yazid, wanda ake wa laƙabi da Mai Jaki, ya kwashe kusan duk ƙasar ya zo ya yi wa garin ƙawanya, amma ya kasa shiga. Daga baya Fatimiyawa suka ci Masar, suka kafa Alƙahira a 969, halifansu ya koma can a 973.

Bayan su garin ya sha hannu. Mayaƙan Jenowa da Fisa sun far masa a 1087, Normawan Sisili suka kama shi a 1148, Muwahhidawa suka ƙwato shi a 1160. Sifaniyawa sun shiga a 1550, da za su fita a 1554 suka sa albarushi suka tarwatsa ganuwar. Soron da za ka ratsa yau, Turkawa ne suka sake tayar da shi a kan tushen na asali.

Ranar Juma'a da safe soron nan ya zama kasuwar mata. Za ka ga an rataye kayan amare a jikin bango: riguna masu aikin zaren zinariya, mayafan siliki masu ratsin ja da baƙi, huluna masu nauyi da ado, ga tsofaffin mata zaune a gefe suna ciniki ƙasa-ƙasa. Nemi izini kafin ka ɗaga waya. A gefen soron akwai gidan tarihi na garin, ta cikinsa ake hawa rufin ƙofar. Ka hau. Daga can ne za ka ga siffar garin gaba ɗaya, fararen gidaje a matse, ruwa dama da hagu, tashar masunta a kudu, farin rairayi ya miƙe arewa. Ranar Litinin gidajen tarihi a rufe suke.

Daga dandali zuwa Babban Masallaci

Da ka fito daga soron, miƙe kan babban lungu, ka wuce masu shagunan tsaraba da za su yi ta kiranka. "Aishik" ta ishe ka, wato na gode, ka yi murmushi ka wuce. Ba da jimawa ba za ka faɗo Dandalin Alƙahira, ɗan fili mai inuwar bishiyoyi da kujerun shayi, ga masallacin Mustafa Hamza na ƙarni na 18 a gefe. Zauna nan ka sha shayin na'a-na'a.

Sannan ka saurara. A lungunan da ke kewaye za ka ji wani ƙwas-ƙwas mai tsari yana fitowa daga ƙananan ɗakuna. Masaƙa ne. Leƙa ka yi sallama. Masaƙin yana zaune cikin katakon masaƙarsa, ƙafafunsa na taka itatuwan ƙasa, hannu ɗaya na fizgar igiyar da ke harba ƙoshiya, ɗayan na buga zaren ya zauna. Siliki ne siriri, wani da zaren azurfa ko zinariya a baki. In za ka sayi mayafi, a wurinsa za ka saya. Juya bayan ƙyallen ka duba: saƙar hannu ba ta rasa ɗan gargada a gefe, ta inji kuwa sumul take. Ka yi tayi, amma kada ka karya wa mai sana'a farashi, aikin kwanaki ne ke hannunka.

Babban Masallaci yana gaba kaɗan ta kudu. An fara shi a 916, wani sashensa a kan filin da aka cike daga teku. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ba shi da hasumiya. Gine-gine biyu masu kusurwa huɗu da ke gefen gabansa matattarar ruwan sama ce. Tsaya a gaban babbar ƙofar ka dube ta da kyau, domin ita ce ta asali tun zamanin al-Mahdi: ta turo gaba daga bango, da baka mai tsayi irin ta ƙofofin nasara na Rumawa, kuma irin wannan tsari ne Fatimiyawa suka tafi da shi Masar. Sauran ginin an sake shi ne tsakanin 1961 da 1965 bisa tsarin farko. Babu ado, dutse ne zalla da haske da inuwa, kuma ni a wurina wannan ne kyansa. Masallatai a Tunisiya galibi lokacin salla ake buɗe su, don haka ka daidaita zuwanka da azahar ko la'asar. Malikawa ne, ba abin da zai zame maka baƙo a sahu.

Har ƙarshen zirin

Wannan sashen ka bar shi sai la'asar sakaliya, ko kuma bayan asuba. Bi titin da ke gefen ruwa ta kudu. Za ka wuce kufan fadar halifa al-Ƙa'im, ka isa Burj al-Kabir, sansanin da Turkawa suka gina a ƙarshen ƙarni na 16 a wuri mafi tudu. Ana biyan kuɗin shiga, kuma rufinsa ya cancanci kuɗin.

Daga gindin sansanin har bakin ruwa maƙabarta ce. Dubban fararen kaburbura sun gangara a hankali zuwa teku, ciyawa da furanni a tsakaninsu, ba katanga. Har yau ana binne mutane a nan, za ka ga iyalai sun zo ziyara da galan ɗin ruwa. Ka yi wa mamata sallama da addu'a, ka bi 'yar hanyar da aka tanada, kada ka zauna a kan kabari don ɗaukar hoto ko da ka ga wasu baƙi suna yi. A tsakiyar wurin, ta gefen kudu, akwai tsohuwar tashar jiragen Fatimiyawa, wani kududdufi mai kusurwa huɗu da aka sassaƙe cikin dutse, tsawonsa ya ɗan haura mita 120. A da sarƙa ake ja a bakinsa a rufe. Yanzu ƙananan kwale-kwalen masunta ne ke kwana a ciki, yara na tsalle daga kan dutse. Kusa da shi wata baka ta tsohuwar ganuwa tana tsaye ita kaɗai a bakin ruwa, can gaba kuma hasumiyar fitila mai jan kai da ke yi wa jirage jagora tun 1890.

Kimanin kilomita biyar daga wannan gaɓa ne masu nutson neman soso, Girkawa, suka gano wani jirgi da ya nitse tun ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, maƙare da ginshiƙan marmara da mutum-mutumin tagulla. A 1907 ke nan. Kayan suna gidan tarihi na Bardo a Tunis, sai ka ware musu rabin yini a hanyar komawa.

Tashar masunta da abin da za ka ci

Mahdiyya na cikin manyan tashoshin kamun kifi na ƙasar, musamman sadin. Da dare ake kama shi: jirage su fita da manyan fitilu, kifi ya taru ƙarƙashin haske, a zagaye shi da koma. In ka tsaya a bakin ruwa bayan isha za ka hango fitilun jere can nesa. Da sassafe kuma ka je kasuwar kifi kusa da tashar ka ga abin da suka kawo. Tulin ƙananan tukwanen ƙasa da za ka gani ɗaure da igiya tarko ne na ƙarnit, wata halittar teku mai hannaye takwas da ke son shiga rami ta ɓuya.

A gidan abinci ka nemi gasasshen kifi cikakke, ana kawo shi da soyayyen dankali da tastira, wato soyayyen tattasai da tumatir da ƙwai a daddatse. Tambayi farashi kafin a ɗora a wuta, domin babban kifi da awo ake sayar da shi. "Bƙaddesh?" ita ce tambayar. Ka gwada kuskus da kifi, wanda ya fi na nama a wannan yanki. Sai birik, siririn fallen fulawa da ake naɗe ɗanyen ƙwai da kifin tuna a ciki a jefa a mai. Da hannu ake cinsa, ka kama gefe biyu ka ciji tsakiya kana sunkuye kan faranti, don gwaiduwar ruwa-ruwa take. Harisa, jan yajinsu mai man zaitun, tana zuwa da burodi tun kafin ka yi oda. Nama na halal ne, amma gidajen abinci na yankin otal da wasu na bakin tasha suna sayar da giya, in kana son kauce musu ka leƙa tebura kafin ka zauna.

Shiga ruwa

Rairayin arewa fari ne mai laushi, yana farawa daga bakin gari ya yi kilomitoci, ruwan kuma ba ya zurfi da wuri. Wannan ne ke yaudarar wanda bai saba ba. Teku ba kogi ba ne, yana da ja ta ƙasa ko da samansa ya kwanta. In ba ka iya iyo ba kada ruwa ya wuce maka ƙugu, kuma ka shiga inda masu ceto suke zaune. Dubi tuta: kore a shiga, ja kada a kusanta. Yara kuwa hannunka a kansu, ba ido kaɗai ba, kuma kada ka yarda da balan-balan ɗin iyo ranar da iska ke busowa daga tudu, yana iya jan yaro zuwa ciki.

Ka shiga da safe kafin 11 ko bayan la'asar. A ƙarshen bazara akan samu hurriƙa, wata halitta mai kama da leda da ke ƙuna in ta taɓa fata. In ta same ka, wanke wurin da ruwan teku, kada ka murza, kada ka zuba ruwan famfo. A wajen duwatsun tsohon gari kuma sai da takalmin roba, saboda wasu baƙaƙen halittu masu ƙaya da ke maƙale a jikin dutse. Mata suna shiga ruwa da cikakkiyar sutura a gaɓar jama'a ba mai kallonsu, sai dai wasu otal kan hana hakan a tafkinsu, ki tambaya kafin a biya kuɗin ɗaki. In salla ta riske ka a bakin ruwa, ruwan teku mai tsarkakewa ne, alwala ta yi.

Jiragen shaƙatawa masu kiɗa da ke fita da baƙi daga tasha ban ga abin da suke ƙara wa mutum ba. Kuɗin ya fi amfani a tafiyar da ke biye.

Kewayen gari

In kana da yini biyu a sama, ɗaya na Munastir ne, a jirgin nan na lantarki. Akwai ribaɗin da Harsama bin A'ayan ya gina a 796, inda masu gadin gaɓa ke haɗa tsaro da ibada. A maƙabartar da ke gefensa Imam al-Mazari yake kwance, babban malamin Malikiyya da ya rayu ya karantar a Mahdiyya har ya rasu a 1141. Duk almajirin da ya kai Mukhtasar a zaure ya ji sunansa, yana cikin malamai huɗu da Shehu Khalil ya ware da ambato tun a gabatarwa.

Yini na biyu ka hau luwaj zuwa Aljam, kilomita 40 da 'yan kai ta cikin tudu, ka ga filin wasan Rumawa na ƙarni na 3 mai ɗaukar mutum wajen 35,000. Je da sassafe, babu inuwa. In kuma ruwa kake so ba cunkoso, Salakta na kudu da gari kaɗan, ƙauyen masunta ne mai duwatsu da ruwa garau, da ɗan gidan tarihi mai hoton wani ƙaton zaki da aka jera da ƙananan duwatsu. Kada ka zarce kudu da nan ta hanyar gaɓa ba tare da dalili ba, shingayen bincike sun fi yawa ta wajen Safakis.

Ranar komawa ka kwana a Tunis in jirginka na safe ne, kada ka dogara da cikar luwaj. Sauran dinarin da ke hannunka ka mayar da shi yuro a bankin filin jirgi kafin ka wuce wurin buga fasfo, nan ne za a nemi rasit ɗin da ka adana. Man zaitun da harisa kuma su shiga babbar jaka, a naɗe cikin leda biyu, domin ba za a bar ka ka hau da su a hannu ba.